Ragowar kumfar feshi a gwangwani: yadda za a ajiye ta ba ta toshe ba

Tambaya: Ina aikin sa tagogi da ƙofofin alminiyam a Kaduna. Ina amfani da kumfar feshi ta gwangwani, wadda muke ce wa fom, wajen cike giɓin da ke tsakanin firem da bango. Sau da yawa aiki ba ya cinye rabin gwangwani, amma in na dawo masa bayan mako ɗaya ko biyu sai in tarar ya toshe, ga nauyi a ciki amma ba abin da ke fitowa. Kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai dabarar ajiye ragowar?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma yawancin gwangwanayen da ake zubarwa ba su mutu ba. Abin da ke cikinsu yana nan da ransa, baki ne kawai ya toshe. In ka gane dalilin toshewar, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi, don haka bari mu fara daga nan.

Kumfar nan sinadarin foliyuritan ce, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. A cikin gwangwani ruwa-ruwa take, mai danƙo, an haɗa ta da gas mai tura ta waje, irin dangin gas ɗin girki. Mutane da yawa suna zaton bushewa take yi kamar fenti, wato iska ta ɗauke ruwanta. Ba haka ba ne. Laimar da ke cikin iska ce take haɗuwa da sinadarin, sai ya kumbura ya ƙame. Kamar buhun siminti ne da damina, duk inda danshi ya samu shiga nan ne zai zama dutse, inda bai kai ba kuwa yana nan gari. To gwangwaninka rufaffe ne, laima ba ta da hanyar shiga sai ta wuri ɗaya: bawul ɗin da ke samansa da bututun da ke kansa. Duk lokacin da ka saki hannu ka daina fesawa, akwai 'yar kumfa da ta rage a bututu da cikin bakin bawul. Ita ce ke shan laima ta ƙame, daga waje tana bi zuwa ciki. In ta tsaya a bututu, abu mai sauƙi. In ta kai kan robar bawul ta manne ta, shi ke nan gwangwani ya tafi.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma amsar ta bambanta ƙwarai tsakaninsu. Akwai mai zuwa da siririn bututun roba wanda ake murɗawa a baki a danna da yatsa. Akwai kuma wanda ake murɗawa a kan bindigar fesawa. Daga yadda ka kwatanta, mai bututu kake saye, to bari in fara da shi, ko da yake shawarata ta gaskiya tana wajen bindiga.

Mai bututu, masu ƙera shi sun yi shi ne da nufin a buɗe a ƙarar a zama ɗaya, wasu ma suna rubuta hakan a jikin gwangwanin. Duk da haka ana iya ceton ragowarsa, in aka yi abin da ya kamata cikin mintunan farko bayan gama fesawa. Kumfa tana fara yin fata a cikin minti goma ko ƙasa da haka. Mai cewa bari in gama ɗaure tagar nan tukuna in dawo in wanke, ya riga ya makara.

Da ka gama, ka miƙar da gwangwanin bakinsa sama. Ka ɗan danna sau ɗaya, taɓawa kawai, don gas ya tura abin da ke wuyan bawul waje. Kada ka riƙe kana jin ƙarar iska kana cewa kana wankewa, domin gas ɗin nan shi ne ƙarfin da zai fitar da ragowar gobe, kuma a ƙididdige yake. Sannan ka kwance bututun, ka ɗiga asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, a cikin bakin bawul, ka ɗan jira, ka juye, ka sake har sai ka ga ramin fes. Shi ma bututun ka zuba masa asiton ya bi ta ciki ya fita. Asiton yana narkar da kumfa ne tun tana ɗanya. In ta ƙame, ba ya yi mata komai, sai kankarewa da yankewa. Kilinar kumfa, wato ruwan wanke ta da ake sayarwa a gwangwanin feshi, asiton ne mafi yawan abin da ke cikinta, kuma ta fi sauƙin aiki saboda tana fita da ƙarfi. Ruwan goge jan farce da mata ke amfani da shi yana iya yi in babu wani, da sharaɗin mai asiton ne, don akwai wanda ba shi da shi, kuma yawancinsu an sa musu mai da ɗan ruwa. Fetur da kananzir ba sa narkar da ita yadda ya kamata, damalmala wurin kawai suke yi. Ruwa kuwa kada ya kusanci bawul ko kaɗan. Wanda ya wanke bakin gwangwani da ruwa, da hannunsa ya toshe shi.

In babu asiton a wurin aiki, akwai hanya ta biyu, wadda ita ce masu aiki da yawa suka fi bi. A bar kumfar da ke cikin bututu ta zama murfi da kanta. Ba a kwance bututun, sai a lanƙwasa shi biyu a ɗaure da waya ko salatif, ko a murɗa sukuru mai kauri daidai ramin a bakinsa. Wasu gwangwanayen ma suna da ɗan ƙaho a jikin madannin wanda aka yi don a lanƙwaso bututun a soka a kai. Abin da ke faruwa shi ne kumfar bakin bututu ta ƙame ta tare hanya, ta can ciki kusa da bawul kuwa ta daɗe tana ɗanya saboda laima ba ta isa gare ta. Ran da za a sake aiki sai a yanke wurin da ya ƙame da reza, ko a sa sabon bututu. Wata dabarar kuma, a zura wayar ɗauri a cikin bututun tun kumfa tana ɗanya, a bar kan wayar a waje. Bayan ta ƙame a ja wayar, sai toshiyar ta fito gaba ɗaya, don kumfa ba ta kama irin robar bututun sosai. Saboda haka kada ka zubar da bututun gwangwanin da ya ƙare, ka tsabtace shi ka tara.

Wannan hanyar tana ba ka kwanaki, wani lokaci mako biyu ko uku in an yi sa'a, amma ba abin dogaro ba ce. Kamfanoni ma sun san da matsalar. Soudal na ƙasar Beljiyam yana da gwangwani mai madanni na musamman da suke kira Genius Gun, wanda suka ce ana iya rufewa a sake amfani da shi har mako shida. Great Stuff na Amurka yana da Smart Dispenser, su kuma kwana 30 suka faɗa. In ka ci karo da irinsu a shago, sun fi mai bututun gargajiya ga wanda aikinsa ɗan kaɗan-kaɗan ne.

In ka zo ka tarar toshiya a cikin bakin bawul ɗin kansa, ga iyakar abin da zan yarda ka yi. Ka sa tabarau na kariya, ka juya bakin nesa da fuskarka da ta kowa, ka murɗa ƙaramin sukuru a cikin ƙamammiyar kumfar da hannu, zagaye biyu ko uku, ka ja a hankali. Sau da yawa toshiyar tana biyo shi. In ba ta biyo ba, ko ta fito amma bawul ya ƙi motsi, ka haƙura. Kada ka soka ƙusa ka buga, kada ka matse da filaya, kada ka huda gefen gwangwani don ka juye abin ciki. Bawul ɗin da aka tilasta yana iya buɗewa ya ƙi rufuwa, ko ya ɓalle gaba ɗaya, kuma kumfar da ta shiga ido ko gashi ba ta fita da wanki. Ina roƙonka ka ja wa yaran shagonka kunne a kan wannan musamman, domin su ne ke zama da ƙusa da guduma suna son su nuna wa maigida sun ceto kaya.

Yanzu bindiga. Mutumin da ke sa tagogi kowane mako bai kamata ya ci gaba da sayen mai bututu ba, wannan ra'ayina ne kuma ina da hujja. A cikin bindiga akwai doguwar allura da ke tafiya har bakin hanci ta toshe shi daga ciki. Da ka saki kunama, hanya ta rufe a can ƙarshe, wurin da kumfa ke haɗuwa da iska. Ke nan daga cikin gwangwani har bakin bindiga wuri ɗaya ne rufaffe, cike da ɗanyar kumfa mai matsi, ba inda laima za ta shiga. Matsalar da ke damunka an kawar da ita daga tushe. Ga kuma riba ta biyu: kana iya daidaita kaurin abin da ke fita da sukurun da ke bayan bindigar, ka cike siririn giɓi ba tare da ta tumbatso kana yankewa kana zubarwa ba. Gwangwani mai mililita 750 na bindiga, abin da ake rubutawa a jikinsa yakan kai lita 40 zuwa 45 na kumfa, wasu ma fiye, na bututu kuwa yakan gaza haka.

Sai dai bindiga tana da ƙa'ida guda wadda sababbin masu ita suke karyawa, da kyakkyawar niyya kuwa. Suna gama aiki sai su kwance gwangwanin su ajiye shi daban, bindiga daban, wai kada ta lalace. Wannan ne ke kashe su duka biyun. Da ka cire gwangwani, iska ta shiga cikin bindigar, kumfar da ke cikinta ta ƙame, bakin gwangwanin ma ya toshe. Ƙa'idar ita ce gwangwanin da aka ɗaura ba ya sauka sai ya ƙare, kuma bindigar da ta taɓa shan kumfa ba ta kwana ba gwangwani a kanta. In ka gama aiki, ka murɗa sukurun baya har ya tsaya, yadda ko an taɓa kunama ba za ta motsa ba. Ka goge bakin hanci da tsumma mai asiton. Ka ajiye gwangwanin a tsaye, bindiga a samansa. In 'yar kumfa ta ƙame a bakin, ka ɓantare ta da farce ko ɗan itace, kada ka kankare da wuƙa, don in ka ji wa bakin ciwo allura ba za ta ƙara zama daidai ba, sai yoyo.

A haka yana kai wata guda lafiya, kuma kusan abin da masu ƙerawa ke faɗa ke nan. In aiki ya yi nisa, duk mako ɗaya ko biyu ka ɗauko, ka girgiza, ka fesa kaɗan a cikin kwali, ka sake rufewa. Wannan yana sabunta kumfar da ke kwance a cikin hancin.

Wajen canji, sabon gwangwani ya kasance a hannunka a girgije kafin ka kwance tsohon. Ka tabbata tsohon ya ƙare, ka kwance shi bakinsa nesa da kai, ka fesa kilina a mazaunin da gwangwani ke zama, ka ɗaura sabon nan take, ka fesa har kumfa mai kyau ta fito. Shafa ɗan basilin a wurin murɗawar yana hana gwangwani mannewa da bindiga. Wanke cikin bindiga da kilina kuwa ba aikin kullum ba ne. Ana yinsa ne in gwangwani ya ƙare babu sabo, ko in za a daɗe ba a yi aiki ba, ko kunama ta fara nauyi. Sai a ɗaura gwangwanin kilina, a fesa har ruwan ya fito garau, a bar shi a ciki 'yan mintuna, a sake fesawa. Yawan wankewa ba dalili yana gajiyar da robobin ciki, kuma wankin da ba a kai ƙarshe ba ya fi rashin wanki illa, don yana barin guntun kumfa ga iska. Wajen saye kuma, araha ba ta ado. Ka nemi mai jikin ƙarfe wadda aka shafe mazauninta da abin hana mannewa, ka bar ta roba zalla.

To sai wurin ajiya, wanda a ƙasarmu shi ne rabin maganar. Masu ƙerawa suna cewa a ajiye tsakanin digiri 5 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, a wuri busasshe, kuma a jikin kowane gwangwanin feshi an rubuta kada ya kai digiri 50. Mu kuwa da bazara, a Maris da Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. But ɗin motar da ke rana, ko shagon kwantena da aka kulle da azahar, ko saman kanta dab da rufin kwano, duk suna iya wuce 50. Zafi yana ƙara matsin gas har gwangwani ya kumbura ko ya fashe, kuma tun kafin a kai nan yana tsufar da sinadarin, ya yi kauri, ya daina tashi yadda ya kamata. Digiri 25 ba kullum muke samunsa ba, amma ana iya kusantarsa: ɗakin da ya fi sanyi a gida ko shago, a ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka, cikin kwali. Kada ka ce gindin randa ya fi sanyi ka kai shi can, jiƙar wurin tana sa gindin gwangwani tsatsa, gwangwani mai matsi da tsatsa kuwa haɗari ne. Firiza ma a'a. Kuma nesa da janareta da murhu da wurin walda, don gas ɗin ciki yana kama wuta.

Ka ajiye shi a tsaye, ko da yaushe. Wannan ya shafi sabo ma da ba a taɓa buɗewa ba. In gwangwani ya kwanta, ruwan ciki yana kwanciya a kan bawul, kuma robar bawul ba ta hana laima ɗari bisa ɗari, tana ratsawa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Sai ka sayi sabo fil ka danna ya ƙi. Saboda haka in ka shiga shago ka ga an jera su a kwance, ko an baje su a rana a bakin titi, ka wuce gaba. Ka duba gindi ko wuyan gwangwani ka ga kwanan wata. Yawancinsu wa'adin wata 12 ne daga ranar yi, wasu 18, kuma kayan da suka taso daga Turkiyya ko Caina ko Turai sun riga sun ci wani ɓangare na wa'adin a jirgin ruwa da tashar Legas kafin su iso Arewa. A jakar aiki ma haka, ka samu bokiti ko kwalin da zai riƙe shi a tsaye a kan babur. Ka kuma rubuta ranar da ka buɗe shi da maka a jikinsa, don ka san wanda za ka fara ƙararwa.

Lokacin shekara yana canja lissafi. Da damina, musamman Yuli da Agusta, iska cike take da laima, bututu yana toshewa da wuri, don haka wankin ba ya jira. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, ragowar gwangwani ta fi daɗewa, amma sai wata matsalar ta ɓullo a bango: kumfa ba ta samun laimar da za ta nuna, sai ta yi fata a waje cikinta ɗanye, ko ta yi manyan ramuka, ko ta koma ta lotsa. Da yawa sukan ɗora wa gwangwanin laifi su ce ya lalace, alhali ƙishirwa ce. Ka yayyafa ruwa kaɗan a giɓin kafin ka fesa, feshi mai laushi ba jiƙawa sharkaf ba, ka sake yayyafawa a kan kumfar bayan ka fesa. In giɓin mai zurfi ne, ka cike shi hawa-hawa, kana yayyafi tsakani. Da sanyin asuba na Disamba da Janairu, a wurare irin Jos ko Zariya, gwangwani yakan yi sanyi kumfa ta fito a daskare. Ka tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, ruwan bai kai bawul ba. Ba ruwan zafi ba, ba gefen wuta ba.

Ran da ka ɗauko ragowa, girgizawa ce farko, da ƙarfi, sau 20 zuwa 30. Gas da sinadarin suna rabuwa in an ajiye, kuma in ka fesa ba girgiza gas zai fita ya bar danƙo a baya. Kunnenka zai gaya maka halin da ciki yake: in kana jin ruwa yana kai da komo, da rai. In shiru ne ko kamar dunƙule ke motsi, ya tafi. Wajen fesawa gindi sama, baki ƙasa, sai fa in an rubuta a jiki cewa yana aiki ta kowace fuska. Gwangwanayen da ake cewa sun mutu da kashi ɗaya cikin uku a ciki, da yawansu gas ne ya ƙare musu saboda an yi ta fesawa a miƙe. Wannan ba shi da magani. Ka gwada a kwali tukuna, ka ba shi 'yan mintuna. In kumfar ta tashi ta yi laushi mai ƙananan ƙofofi, ka shiga aiki. In ta fito tsararo, launinta ya yi duhu, ta kwanta ba ta tashi, kada ka sa ta a tagar mutane, don ba za ta riƙe ba kuma ba za ta hana ƙura da ruwa ba.

Akwai kuma tsarin aiki, wanda ya fi kowace dabarar wanki tasiri ga mai gwangwanin bututu. Kada ka buɗe don taga ɗaya. Ka kafa dukkan firem ɗin gidan, ka daidaita, ka ɗaure, sannan ka bi su da kumfa a zagaye ɗaya. Ka riƙa lura da ƙananan wuraren da ke jiran cikewa, ramin da bututun na'urar sanyaya ɗaki ya ratsa bango, gefen fayif, giɓin da ƙadangare da ɓera ke bi, don ragowa ta samu inda za ta tafi a ranar. Ga ƙaramin aiki, ƙaramin gwangwani mai mililita 300 ko 500 ya fi maka riba ko da lissafin kowace lita ya fi tsada. Ka tuna kumfa tana kumbura bayan an fesa, rabin giɓi ake cikewa da mai bututu, ta ƙarasa da kanta. Wanda ya cika har baki yana asarar kaya, kuma tana iya tanƙwara siririn firem na alminiyam.

Ga masu gyaran firiza da ɗakin sanyi da ke sayen sinadari biyu a jarka suna haɗawa da kansu, dokar ɗaya ce. Mai duhun nan ruwan ƙasa-ƙasa shi ne ke shan laima. In aka bar murfinsa a sake zai yi ɓawo a sama, in kuma ruwa ya shiga aka rufe gam, iskar da yake fitarwa tana kumbura jarka. Kowanne da mazubinsa da ma'auninsa, busassu, kada a haɗa.

Lafiyarka ma tana cikin lissafi, tun da wanki da ceto suna sa hannu ya yi ta taɓa ɗanyar kumfa. Sinadarin aisosayanet da ke cikinta yana iya jawo asma da ƙaiƙayin fata ga wanda yake yawan shaƙa da taɓawa, kuma in jiki ya fara ƙinsa, ko kaɗan ne yana tayar da ciwon. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta wajabta horo ga masu sana'a da irin waɗannan sinadarai tun 24 ga Agusta 2023. Safar hannu ta roba, tabarau, taga a buɗe, ba sigari. In ta taɓa fata ka goge nan take da tsumma, ka wanke da sabulu. In ta riga ta ƙame ka bar ta, za ta ɓare da kanta cikin kwanaki, kada ka yi ta dirzar fata da tina, ruwan tsinka fenti. In ta shiga ido, ruwa mai yawa ka nufi asibiti.

Gwangwanin da ya ƙare, ka danna shi a fili har gas ya daina fita kafin ka ba masu sayen gwangwan. Wanda ya toshe da kaya a ciki kuwa har yanzu da matsi a jikinsa, kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta, kuma kada a bar shi inda yara za su ɗauka. Ka ware shi a inuwa, in za ka miƙa shi ga mai gwangwan ka gaya masa a fili cewa cike yake, kada ya buga shi ko ya jefa a wuta.